Kafin ka naɗe motarka ta rimot da leda da gam, tsaya ka ji wannan



Da zarar damina ta kankama, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin masu wasa da motocin rimot: ya zan yi in toshe kayan wutar motata yadda ruwa ba zai taɓa shiga ba? Amsar da aka saba bayarwa kuwa ka san ta: cusa risiba a balan-balan, naɗe komai da salatif, tsiyaya gam a duk inda ka ga kafa, shi kenan sai kududdufi.

Ni kam ban yarda da wannan shawarar ba, kuma gara in faɗa maka matsayina tun yanzu. Babu motar da za ka toshe a gida har ruwa ya rasa hanyar shiga. Zai shiga, ko yau ko gobe. Abin da ya kamata ka nema shi ne motar da ruwa zai shiga ya fita bai yi ɓarna ba, zafi kuma yana da hanyar ficewa. Wanda ya toshe komai ruf, sau da yawa garin neman gira yake rasa ido.

Mu san kayan tukuna

Motar rimot ta sosai, wadda ake iya kwancewa a sauya mata kaya, abubuwa 5 ne ke ɗauke da wutarta. Akwai risiba, mai karɓar umarni daga rimot ɗin hannunka. Akwai na'urar sarrafa gudu, wadda aka fi sani da ESC, ita ke auna yawan wutar da za ta tafi inji. Akwai sarbo, ɗan akwatin da ke juya sitiyari. Sai injin da ke juya tayoyi, sai kuma batir.

Idan taka irin ƙananan nan ce masu sauƙin kuɗi da ake yin odarsu daga Sin, kamar na WPL ko MN, za ka tarar a yawancinsu an haɗe risiba da ESC a kan fanel guda. Wannan ya rage maka aiki, amma ya ƙara maka haɗari, don in fanel ɗin nan ya tafi, motar gaba ɗaya ta tsaya har sai wani ya iso. Ka kuma san yadda oda take: kuɗin dala, kuɗin kawowa, da jiran makonni.

Wotafuruf ɗin da ke jikin kwali

Malam, kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Kalmar wotafuruf ta 'yan talla ce, kowa na iya buga ta. Ma'aunin da ake iya kamawa shi ne lambar IP, wadda ke ƙarƙashin ƙa'idar IEC 60529. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 na nufin kayan na jure fantsamar ruwa kawai. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ka lura fa, a ruwa mai tsabta wanda ke tsaye ake wannan gwajin. Ba a gwada shi a ruwan kwata mai sabulu da yashi, ba a kuma gwada shi a lokacin da mota ta faɗa taɓo da gudu tana zafi.

Ɗauki kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka, wanda ya yi suna a wannan fanni. Motarsu Slash da ta fito a 2008 ta zo da kayan wuta masu jure ruwa, abin da ya sa mutane da yawa suka raja'a a kanta. Amma buɗe littafin da ke zuwa da motocinsu ka karanta. Su da kansu sun gargaɗe ka cewa kada ka ɗauki motar a matsayin abin nutsarwa cikin ruwa, rimot ɗin hannu ba ya jure ruwa, ruwan gishiri haramiyarta ne, kuma duk ranar da ta shiga ruwa akwai hidimar da za ka yi mata bayan nan. To idan masu injiniyoyi da ɗakin gwaji sun faɗi haka, kai da balan-balan ɗinka me za ka ce?

Me ruwa ke yi wa fanel?

Ruwa tsantsa, wanda aka tace babu komai a cikinsa, bai cika ɗaukar wutar lantarki ba. Gishiri da ma'adinan da suka narke a ciki su ne ke ɗaukarta. Shi ya sa ruwan kududdufi ya fi ruwan sama illa, ruwan teku kuma ya fi su duka, don kowace lita tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: ruwa ya haɗa ƙafafu biyu a fanel, wuta ta haɗe, sitiyari ya fara rawa ko mota ta ɗauke. Wannan sau da yawa tana warkewa idan ka cire batir da wuri ka busar. Ta biyu ita ce muguwar. Idan danshi ya zauna a kan fanel kuma akwai wuta a jiki, jan ƙarfen da dalmar sai su fara cinyewa a hankali, ka ga wani kore-kore ko fari-fari ya fito a ƙafafun kayan. Motar za ta yi ta aiki lafiya lau mako ɗaya ko biyu, rana ɗaya ka kunna shiru. Sai ka ce ai jabu aka sayar maka, alhali ruwan da ya kwana a ciki ne ya gama da ita.

Riƙe wannan da kyau, don a kansa duk maganar take: ruwan da ya kwana ya fi ruwan da ya wuce ɓarna.

Abin da toshewa ke jawowa

Matsala ta farko zafi. ESC na aiki ne da wasu ƙananan makunnai na lantarki da ke buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma suna fitar da zafi. Lissafin ba shi da wuya: idan wutar da inji ke ja ta ninka sau 2, zafin da ke fita a waya da makunnan sai ya ninka sau 4. Yaushe inji ke jan wuta da yawa? Daidai lokacin da tayoyi suka cika da taɓo suna nishi. Wato lokacin da ka fi buƙatar sanyaya, a lokacin ne ka lulluɓe ƙarfen sanyayar da leda. Idan ka yi sa'a ESC ɗin na da kariyar zafi, zai yanke wuta ya tsaya. Idan babu, sai ƙauri. Ka haɗa da irin zafinmu, inda a bazara ake haura digiri 40 a inuwa, ka ga tun kafin ka kunna ma an ci rabin hanya.

Matsala ta biyu raɓa. Iskar da ka kulle a cikin balan-balan tana da danshinta, musamman a watan Agusta. Kayan su yi zafi, ka faɗa ruwan sanyi, danshin nan sai ya zama gumi a jikin fanel, kamar yadda kake gani a jikin gorar ruwan sanyi. Ga shi ka toshe ƙofa, ba shi da inda zai bi ya bushe.

Matsala ta uku ita ce wadda mutane ba su cika sani ba. Iska idan ta huce tana tsukewa. Akwatin da cikinsa ya kai digiri 60, ya faɗa ruwa ya sauko 25, ƙarfin iskar cikinsa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Wannan ragin shi ke zuƙo ruwa ta gefen waya, ta duk wata 'yar kafa da idonka bai gani ba. Ya shiga da ƙarfin zuƙa, amma babu abin da zai fito da shi. Ka ga kenan ka haɗa wa ruwa ɗaki da hannunka.

To ya za a yi?

Kowane kaya da irin kariyar da ta dace da shi. Ba a yi musu kuɗin goro.

Risiba. Wannan ba ta fitar da zafin kirki, don haka ita ce ta fi dacewa da rufewa. Amma fara da fanel ɗin kansa. Buɗe murfin, ka wanke fanel da sipirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, wato aisofurofil mai kashi 99, da tsohon burushin haƙori. Bari ya bushe sarai. Sannan ka shafa fentin kariya na fanel, wanda 'yan kasuwa ke kira kwanfomal kotin. Akwai na akirilik, akwai na silikon, na silikon ya fi jure zafi da danshi. Shafi biyu marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri. Yawancinsu suna haske a ƙarƙashin fitilar UV, irin wadda ake duba kuɗi da ita, sai ka ga inda ka tsallake. Kada fentin ya taɓa ƙusoshin da ake soka waya, ko maɓallin haɗa risiba da rimot. Ka bar shi ya kwana kafin ka mayar. Bayan haka, in kana da akwatin risiba mai roba a baki, sa ta a ciki ka shafa giris a inda wayoyi ke fita. Yanzu ko ruwa ya ratsa akwatin, zai tarar da fanel sanye da riga.

Idan fentin bai samu ba, man farce marar launi na iya tsayawa na wucin gadi a kan risiba, sai dai yana tsagewa idan ya daɗe. Kada ka kai shi wurin da ke zafi.

ESC. Fanel ɗin za ka shafa wa fenti, ƙarfen sanyaya mai tsaga-tsaga kuwa ka bar shi tsirara, iska da ruwa su taɓa shi. Ruwa bai dame shi ba, sanyaya shi ma yake. Idan akwai 'yar fanka a kai, cire ta ranar da za ka shiga ruwa, don fukafukanta na iya karyewa ko ta ƙone idan taɓo ya riƙe ta. Kada ka manta da makunnin kashewa da kunnawa, shi ne ɗan ƙaramin abin da ya fi saurin mutuwa. Gaskiyar magana, idan aljihu zai ɗauka, a nan ne ya fi dacewa ka kashe kuɗi. ESC irin QuicRun 1060 ko 1080 na kamfanin Hobbywing an ƙera su ne don jure ruwa tun daga masana'anta, kuma suna aiki da inji mai burushi.

Sarbo. Ruwa na shiga ta wuri uku: bakin sandar da ke juyawa a sama, tsagar da murafu suka haɗu, da inda waya ta fito. Kwance noti huɗun da ke ƙasa, ka shafa wa fanel fenti, amma ka kiyayi ɗan abin da ke auna juyawa a ƙarƙashin giya, in fenti ya shige shi sarbo ya haukace. Cika wajen giyoyin da giris mai jure ruwa, irin na injin jirgin ruwa. Sa 'yar zoben roba a wuyan sandar kafin ka ɗaura hannun sitiyari, da ɗan giris a ƙarƙashinta.

Inji. Abin mamaki, wannan ya fi kowa haƙuri. Inji mai burushi yana juyawa ko a cikin ruwa, yashi da taɓo ne ke cinye burushinsa. Marar burushi shi ma wayoyin koyil ɗinsa na da rufi, boris ɗinsa ne ke tsatsa. Sai dai in naka mai sensa ne, wato akwai ƙarin siririyar waya mai ƙusoshi 6 a bayansa, to akwai ɗan fanel a ciki da ke son kariya. Ko ta yaya, kada ka naɗe inji. Idan ka ɗora yatsa a kansa ka kasa riƙewa na daƙiƙa kaɗan, ya yi zafi da yawa, tsaya ya huce, ko ka sa masa ƙaramar giya.

Filogi da soket. Ɗan ɗigon girisin silikon, wanda ba ya ɗaukar wuta, a cikin kowace mahaɗa. Yana korar ruwa, kuma ba ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe idan ka soka da kyau.

Batir. A nan ba wasa. Batirin LiPo kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, yana cika a 4.2. Jakar kowane ɗaki a rufe take, amma inda aka liƙa wayoyi da ƙaramin filogin daidaita caji duk a buɗe suke. Mai ƙoƙon roba mai tauri kuma yana iya riƙe ruwa a ciki ba ka sani ba. Kada ka taɓa sa jiƙaƙƙen batir a caji. Wanda ya kumbura ko ya fashe a gefe, aikinsa ya ƙare, fitar da shi daga ɗaki. Gobarar LiPo ba ta jiran ka ɗebo ruwa, kuma a gidan da akwai yara da katifa, wannan ya wuce maganar abin wasa.

Gam ɗin da zai cuce ka

Akwai silikon na masu aikin gilashi da tagogi, wanda in ka buɗe za ka ji tsami kamar binega. Wannan warin asid ne yake fitarwa yayin bushewa, kuma yana cin jan ƙarfe. Ka tsiyaya shi a fanel da niyyar kariya, ka zuba masa guba. In dole sai silikon, nemi wanda ba ya wannan warin, wanda aka rubuta cewa ya dace da kayan lantarki. Sufa gulu shi ma bar shi, yana taurarewa ya tsage da girgiza, ga farin hayaƙin da yake bari a jikin kaya. Gam ɗin kyandir na bindiga kuwa da wuri ya yi zafi sai ya saki, ya bar siririyar hanya a gefen waya.

Na san abin da wani zai ce

Wani zai ce: ai ni na ga waɗanda suka tsoma fanel gaba ɗaya cikin robar ruwa irin Plasti Dip, ko suka cika shi da gam mai haɗi biyu, kuma motarsu na tafiya a ƙarƙashin ruwa. Gaskiya ne, ana yi, kuma yana aiki a wasu wurare. Motocin hawan duwatsu masu tafiyar hawainiya, irin su Axial SCX10 ko Traxxas TRX-4, ba sa jan wuta kamar masu tsere, don haka zafinsu da sauƙi. Kamfanoni ma suna cika ESC da irin wannan gam. Bambancin shi ne su sun tsara yadda zafi zai bi ta ƙarfe ya fita waje kafin su zuba. Kai kuma a gida zubawa kawai za ka yi. Sannan duk abin da ka binne a gam, ka yi bankwana da gyaransa. Waya ɗaya ta cire, sai dai sabo. Ga wanda shagon kaya ke bayan gidansa wannan ba komai ba ne. Ga wanda sai ya jira oda daga wata ƙasa, hasara ce.

Akwai kuma iyakar da gam ba zai tsallake ba. Rimot na yanzu kusan duka a kan 2.4GHz suke, kuma ruwa na shanye wannan siginar sosai. Da eriya ta nutse, magana ta yanke tsakaninka da mota. Don haka ka ɗaga bakin eriya sama iya yadda za ka iya, kuma ka saita risiba yadda in sigina ta ɗauke inji zai tsaya cak. In ba haka ba, kana ji kana gani za ta ci gaba da nutsawa tsakiyar tafki.

Minti 20 da suka fi duk wani fenti

Ga inda yawancin motoci ke mutuwa: bayan an dawo gida, an jingine ta a lungu an ce sai gobe.

Kana tsayawa, cire batir. Wannan ne farko, kafin hoto, kafin komai. Cire murfin mota da tayoyi. Ɗauraye taɓon da ruwa mai tsabta a hankali, ba da matsi ba. Kada ka ji tsoron wannan, ruwa mai tsabta ne ke fitar da gishirin da ruwan datti ya bari. Busa da iska, ko a wajen mai faci ne, amma daga ɗan nesa, kada ƙarfin iskar ya tura ruwa cikin boris. Buɗe akwatin risiba ka leƙa, ko da kana ganin a rufe yake. Fesa WD-40 a noti da sandunan ƙarfe don ya kori ruwa, ka goge, sannan ka ɗiga man inji marar kauri a kowane boris, domin WD-40 shi kaɗai ba ya wadatar da boris.

Matsa tayoyin ka ji. A cikinsu akwai soso, kuma wilin na da 'yan ramukan shan iska da ruwa ke bi. Soso in ya sha ruwa taya ta yi nauyi, ta riƙa girgiza, ta wahalar da inji. Ko dai ka toshe ramukan da salatif kafin ka fita, ko ka huda ƙananan ramuka 2 a jikin kowace taya yadda juyawa za ta watso ruwan waje.

Idan ruwa ya riga ya shiga fanel, kada ka kunna don ka gwada. Gwajin nan shi ke ƙarasa shi. Wanke da sipirit, ka ajiye gaban fanka kwana ɗaya ko biyu. Batun binnewa a shinkafa kuwa, bar shi. Ko kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone da su daina, saboda ɓurɓushinta na shiga cikin waya. Shinkafa ba ta wanke gishiri, kuma gishirin ne matsalar. In abin ya fi ƙarfinka, kai wa mai gyaran waya, aikinsu ne na kullum, kayan wankin fanel na gabansu.

Batirin kuma, in ba za ka yi wasa ba sai bayan kwanaki, goge shi ka ajiye shi a kusan bolt 3.8 kowane ɗaki, a wuri mai sanyi, nesa da abin da ke kama wuta.

Saboda haka ɗan'uwa, in kuɗinka kaɗan ne, ga yadda zan ba ka shawarar kashe su: kwalbar sipirit, ƙaramin fentin fanel, girisin silikon, da man boris. Waɗannan huɗun za su yi maka damina fiye da ɗaya, kuma idan hunturu ya zo da ƙurarsa, su ɗin dai za su yi maka aiki. Ka shafa wa fanel riga, ka bar wa zafi ƙofa, kuma kada ka bar ruwa ya kwana a motarka. Balan-balan ɗin kuwa, ba wa yara su hura.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.